Mangwaron Iya Silifat

Funtua, Yuli 1986

Zuwa ga Yaya Bature,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Hansai da yara. Yaya damina a Tsiga? Allah Ya sa auduga ta kama. Ni jikina lafiya lau, raina ne a jagule.

Ka san layinmu na bayan tasha, ko inuwar da akuya za ta raɓa babu. To bana ƙaramar hukuma ta ce kowace unguwa ta zauna ta zaɓi inda za a dasa itatuwa, malaman daji za su ba da dashe kyauta. A jarida na gani, na ajiye keken da nake gyarawa na nufi zauren mai unguwa. Ashe masu gidaje kaɗai aka kira. Ka san bakina. Na miƙe na ce 'yan haya ne rana ke gasawa, don me za a yanke ba a ji ta bakinsu ba? Don a huta da ni aka jefa ni cikin kwamiti.

Na bi layin ƙofa-ƙofa. Romanus mai kayan keke ya karɓi darbejiya, wasu ma suka karɓa. Iya Silifat, Bayarabiyar nan mai abinci, haifaffiyar Funtua, ta yi ta noƙewa, ni na matsa mata. Ta zaɓi mangwaro, ta dasa a ƙofar shagonta, ta kewaye shi da ƙaya. Har ruwan alwalarta a gindinsa take zubarwa.

Shagon na surukinka ne, Alhaji Sanda, kuma a ciki take kwana da marayunta. Jiya ya aika mata ta kwashe kayanta kafin wata ya mutu. Wai ɗan haya ba ya dasa itace, in ya dasa, gobe jikansa zai ce wurin nasu ne. Na san haka ake yi a gonar aro, amma wallahi ban taɓa zaton abin zai biyo mu bakin titi ba.

Na same shi a ƙofar masallaci da niyyar ba da haƙuri. Ya kira ta baƙuwa. Matar da cibiyarta ke binne a garin nan! Sai na ji bakina yana cewa bakin titi ba gadon kowa ba ne, a gaban jama'a.

Yaya, don Allah ka zo. Kai yana jin nauyinka. Ruwa ake yi kullum, ina za ta kai yaran nan? Ko hanyar garin iyayenta ba ta sani ba.

Ka gaida Inna, kada ka gaya mata.

Ƙaninka,
Shitu

Funtua, Agusta 1986

Zuwa ga Yaya Bature,

Bayan gaisuwa, ina fatan ka isa gida lafiya, ka tarar da kowa lafiya. Allah Ya saka da alheri. Faɗan da ka yi mini na ji, wanda ya shiga ya shiga.

Ga yadda aka ƙare bayan tafiyarka. Alhaji ya yarda ta zauna, amma sai an tuge mangwaron ya sake dasa shi da hannunsa. Ranar Juma'a ya zo da mai unguwa da shaidu. Aka sa Iya ta tuge shi da kanta, ta miƙa masa, ya naɗe hannun riga ya mayar a ramin nan dai, ya ce kowa ya shaida shi ya dasa. Ina tsaye na ciji leɓe har ya fashe, saboda alkawarin kame baki da na yi maka.

Romanus bai jira an aiko masa ba, ya cire tasa darbejiyar. Sauran ma haka. Kwamiti kuwa sun zauna ba su neme ni ba. Yanzu in na bi layin, 'yan haya sai su sami abin yi a cikin shago.

Har yau hankalina bai kwanta ba, don Alhaji bai ce ya haƙura da ni ba, kuma ina tsoron ya huce a kanta. Ka sa Hansai ta riƙa taɓa masa zancen.

Mangwaron ya yi yaushi, ga shi ruwa ya ɗauke kwanan nan, awaki kuma sun ture ƙayar. Na roƙi Iya ta ɗan zuba masa ruwa. Ba ta yi fushi ba, har ta ƙara mini nama a tuwo. Ta ce in je in gaya wa mai shi.

Ka gaida Inna da Hansai.

Ƙaninka,
Shitu