Fankar Amarya Ba Farfela

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ya aiki, ya Anti da yara? Ya zafin Legas?

Fankar da muka sayo wa autarmu Hauwa a Makarfi, Inna ta hana a buɗe kwalin, wai sai ranar jere, dangin ango su ga sabuwa ce dal. A gabansu aka buɗe, babu farfela.

Da na mayar, mai shago ya ce ba ruwansa. Na ce cikakkiya na saya, cikakkiya zan karɓa. Na zauna a bencinsa ina ba duk mai shigowa labari. Kafin la'asar ya kwance farfelar tasa fankar ya ba ni.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a. A haɗa da mai shagon, na baro shi yana fifita da kwalinmu.

Ƙanwarka,
Ladi