Idon Ummi

Zuwa ga Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Na san wannan takarda ba za ta isa hannunki ba, ba kuma wanda zai karanta miki ita. Amma maganar ta cika mini ciki, kuma duk duniya ke kaɗai na saba faɗa wa irinta.

Inna tana nan lafiya, sai ciwon ƙafar nan tata. An cire gyaɗa, ta yi kyau bana. Saniyarki ja ta haihu. ’Yarki da kika bari tana wurina a Kwanyawa, ina shayar da ita tare da ɗana Auwalu. Sunanki aka sa mata, muna kiranta Ummi.

Yaya, idon Ummi ne.

Ranar da jini ya tafi da ke, kowa a gidanku na Ruwan Bago kanki yake. An yanke cibi, an naɗe yarinya a zani, an ajiye ta gefe. Ba wanda ya goge mata ido, balle a sa mata magani. Wa ma ya san ana yin haka? Ran sadakar uku na ga fatar idonta ta kumbura, kwantsa ta liƙe ta. Tsakar gida cike da masu gaisuwa, na nuna wa tsofaffi. Wata ta ce kukan rashin uwa ne, wata ta ce a ɗiga mata nono, uwar mijinki ta ɗauko tozali ta zizara mata. Duk cikin ƙauna suka yi, Yaya, ba wadda ta nufe ta da sharri. Kafin ranar suna ido ya zama kamar ƙwai, in an taɓa sai mugunya ta fito. Mijina ya samo ɗan acaɓa muka tafi asibitin Rogo, ina rungume da ita cikin hijabi.

Malamar asibitin ba ta yi mini faɗa ba. Ta wanke hannu, ta buɗe idon a hankali, ta duba shi sosai. Daga baya ta ce akwai ɗan maganin shafawa da suke sa wa kowane jariri a ido da zarar ya faɗo, bayan an goge idon da tsabtataccen ƙyalle. Ta nuna mini shi. Bai kai ɗan yatsana ba, Yaya. Na tsaya ina kallonsa kamar wata sakarya. Ta ce ko wannan ya wuce, da an kawo ta ranar da kumburin ya fara, da allura ta tare shi. Ta tura mu Kano. Can suka ce idon dama hakiya ta rufe shi, ya tafi ke nan. Na hagu sun ce a ci gaba da magani, a dawo, a jira. Jiran muke yi.

Akwai abin da ban gaya wa Inna ba. Malamar ta tambaye ni ko kin yi fama da ciwon sanyi da cikin nan. Na tuna ranar da muke ɓarar gyaɗa, kika rage murya kika ce mini wani ruwa yana zubo miki, har da zafin fitsari, kina shan jiƙo. Ta ce irin wannan ciwon ne yake shiga idon jariri a hanyar fitowa, kuma da kin je awo da an yi maganinsa tun kafin haihuwa. Me ya hana ki faɗa wa wani babba? Kunya ce? Ni ma da ni ce, kunyar zan ji. Na yi fushi da ke kwana da kwanaki, kina kabari ina fushi da ke, ki yafe mini. Ke da kika goya ni har bayanki ya yi kanta, ban taɓa ce miki na gode ba, sai ga shi fushi na fara aiko miki.

Ta kuma ce lallai mijinki Habu ya je a duba shi, don ciwon ba na mutum ɗaya ba ne. Ta yaya ƙanwar mata za ta kalli mijin yayarta ta faɗi wannan? Na roƙi mijina ya yi masa maganar. Habu ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ƙaddara ce, a bar tone-tone. Yanzu ana cewa bayan kaka zai sake aure. Ina tunanin matar da za ta shigo ɗakinki, da ɗan da za ta haifa. Wa zan gaya wa? In na buɗe baki a ce ina tona asirin mamaciya. In na yi shiru, wani jaririn fa?

Matan unguwarmu masu ciki dai ina ce musu su je awo, su haihu a asibiti, ko a kai jariri ranar da aka haife shi a sa masa maganin. Wasu su ji, wasu su ce sai abin da maigida ya ce.

Ummi ta fara murmushi. In na kira ta sai ta juyo, ta washe baki, amma kallon nata yana wucewa ta gefen kunnena. Ban sani ba ko ni take gani, ko muryata kawai take bi. Inna takan tambaye ni, in ce mata da sauƙi.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sada mu da alheri. Sai na zo.

Ƙanwarki,
Saratu, mai riƙon Ummi