Shaidun Yaya Balkisu Da Aka Bari A Gindin Darbejiya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Tsangayar Shari'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da malamanka.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, na ga yayata Balkisu ta fito daga ofishinku bayan ta kare bincikenta na digirin dakta, tana dariya tana share hawaye, wani farfesa yana ce mata Dakta. Ni Isiyaku, ƙanenta, ɗan kabu-kabu a Illela, karatuna bai wuce firamare ba, amma ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba. Mun gode, Allah shi saka.

Sai dai ina da ƙorafi.

Na farko, bincikenta a kan yadda ake sasanta rikicin cinikin shanu ne tsakaninmu da mutanen Nijar. Ni na riƙa kai ta ƙauyukan Araba da Garu bisa mashin, tana zama gaban dattawa suna ba ta labari. A wurinmu, in za a faɗi maganar mutum gaban manya, shi ma yana zuwa ya ce haka ne. Shi ya sa biyu daga cikin dattawan, Ardo Buba da Malam Mande dillali, sunka sa manyan riguna sunka biyo mu, har da ƙwaryar nono ta alƙalan jarrabawa. Mai gadi ya ce ba a shiga da shaidu. Nan gindin darbejiya munka zauna har anka gama. Ardo bai yi fushi ba, tambaya kawai yake ta yi mini, wa zai gaskata yarinyar nan in ba su ba?

Na biyu, littafin binciken nata da Turanci yake. Ardo ya tsufa, ido ya yi rauni, kuma yana son ya ji abin da anka rubuta da bakinsa.

Roƙona, ranka ya daɗe, a riƙa ajiye benci ɗaya can baya cikin ɗakin jarrabawa saboda irin waɗannan dattawa. Kuma ka turo malami guda ya zo Illela ranar kasuwa, Dakta Balkisu ta karanta musu da Hausa a kara inda ake cinikin shanu, su ce haka ne.

Allah shi ƙara maka girma, shi albarkaci zuri'arka.

Nonon dai bai dawo gida ba, mai gadin ya shanye rabi, ya ce a gaishe da Ardo. Malam Mande yana wurin, da direbanmu Ɗanjuma, ana iya tambayarsu.

Wassalam.

Isiyaku, Illela.