Rasuwar Baba Mai Usur a Sabon Ramin Yashi

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Mata Masu Tankaɗe Tsakuwa, bisa umarnin mai girma Uwar Ƙungiya da dattawanta, tana sanar da jama'a rasuwar babanmu kuma mai tsaron rayukanmu, dattijon arziki Baba Mai Usur, wanda bangon sabon ramin yashi ya rufto wa ranar Talata da hantsi.

Shekara ashirin da biyu marigayin ya yi yana tsaye a bakin tsohon rami, rana ta dake shi ruwa ya dake shi, ba ya riƙe shebur, ba ya ɗaukar daro, aikinsa kawai ya zuba wa ƙasa ido, da ya ga ta fara tsagewa sai ya busa usur, mu da muke ƙasa mu watse. Direbobin tifa kan tsokane shi wai shi kaɗai aka ɗauka aikin kallo, shi kuma yakan ce su sauka ramin su tsaya, zai juya baya minti ɗaya su gani. Babu wanda ya taɓa sauka. A duk shekarun nan ba a fitar da gawa ko ɗaya daga ramin ba.

Da kamfani ya faɗaɗa haƙa zuwa gefen gabas domin yashi ya ishi magina, sau biyu marigayin ya gaya wa shugaban aiki cewa ƙasar wajen laka ce mai nauyi a sama, ɗanyen yashi a ƙasa. Ranar Talata ya ga tsagewar, ya busa, ya sake busawa, amma ƙarar motar haƙa ta danne usur ɗin. Sai ya gangaro da ƙafarsa mai ciwo, ya ture mu, mu uku, waje kafin bangon ya rufto masa. Ni da aka sa in rubuta wannan takarda, ni ya tura ƙarshe.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga maiɗakinsa, innarmu, da 'ya'yansa biyar da jikokinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba ku ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi, mu kuma Ya ba mu bakin da za mu iya yi muku godiya.

An aiko mana cewa aiki zai ci gaba ranar Asabar, domin tifofi suna jira. Mu goma sha tara ne, kuma mun tsayar da magana cewa ba za mu sauka gefen gabas ba sai an sare kan bangon, an kuma yarda a riƙa kashe motar haƙa idan akwai mutane a ƙasa. Wadda yunwar 'ya'yanta ba za ta bar ta ta jira ba, ba za mu ga laifinta ba, amma ta sani yanzu babu kowa a sama.

Sa hannu:
Auta,
Magatakardar Ƙungiya,
a madadin Uwar Ƙungiya.