Ƴata Ta Gina Ni Da Yumɓu, Baki Wangale

Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni sukuni, kuma na kasa faɗa wa kowa a gida.

A Birni nake, ƴaƴana huɗu. Autar, Sakina, ba ta cika shekara biyar ba, tana jardan, ajin ƙananan yara a lakwal, wato makarantar boko. Malamarsu, Madam Husaina, takan sa a kawo yumɓu daga Mirya, ta zube a tabarma, ta ce kowa ya gina abin da ransa ke so. Da ma abin bai kwanta mini ba, kullum riga kaca-kaca, ga wahalar ruwa a unguwarmu.

Kwanan baya aka kira iyaye mu ga aikin yaran. Wannan ya gina raƙumi, waccan tukunya. Na Sakina mace ce, kan duk baki, wangale, da tsinke a hannu. Madam ta tambaye ta a gaban kowa ko wace ce, ta ce Mama ce da safe, tsinken kuma bulala. Aka fashe da dariya, har da matar wan mijina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fizge abin na wurga a kwata, na ce wa Madam ba wasan ƙasa na kawo ƴata lakwal ba.

Tun ranar, an ce in an zube yumɓu sai Sakina ta koma gefe ta ɓoye hannu cikin riga. Jiya har tambayata ta yi ko na huce. Ina da faɗa, ban musa ba, amma babansu yana fatauci a Kano, komai a kaina yake. Bulalar ma yawanci nuna ta kawai nake yi. Yanzu maƙwabciyata ke kai ta, don ban san da wane ido zan kalli malamar ba. Ko in canza mata lakwal?

Wata uwa, Birni, Damagaram

AMSA

Ƴar'uwa, kada ki canza mata lakwal. Kunyar za ta bi ki can, yarinya kuma ta rasa ƙawayenta a banza.

Madam ta yi kuskure. Wanda ya san yara ba ya yi musu irin wannan tambaya a bainar jama'a, don komai zai iya fitowa. Amma Sakina ba tona miki asiri ta yi niyya ba. An ce ta gina abin da take so, wasu suka gina raƙumi, ita kuwa, ke ce ta gina. Abin da take gani da safe ta nuna, kuma rabin matan da suka yi dariya da irin bakin nan suke tashin nasu yaran.

Gobe ki kai ta da kanki. Ki ba Madam haƙuri a taƙaice, ki kuma faɗa mata tambayar ta yi miki ciwo. Ki roƙi ɗan yumɓu ki kawo gida, ki sa mata tsohuwar riga, ku zauna ku cuɗa tare, kada ki ce mata ga abin da za ta gina. Ki gaya mata ba ta yi laifi ba, ke ce fushi ya kwasa. Bulalar nan ki fitar da ita daga ɗaki, ki raba wa manyan yaran aikin safe. Maigida ma, in ya kira, ya san nauyin ya yi miki yawa.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya raya miki su cikin albarka.