Furen kwalla ya fita, fuskar Inna ba ta fita ba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Wanda kuma zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, zai tarar na riga shi.

Ni malamin makaranta ne a Azare, amma gidanmu yana Katagum, can iyayena suke. Tun ina saurayi nake da ciwon ɗaukar hoto. Ba sana'ata ba ce, so ne kawai, irin wanda ke mai da mutum abin tsokana a ofishin malamai. Ina da wata tsohuwar kyamara babba mai nauyin tsiya, wadda da zarar na rataya ta a wuya kowa sai ya gyara zama ya ɗaure fuska. Sai hankalina ya koma kan ƙananan nan masu shiga aljihun kaftani amma sensarsu babba. Sensa ita ce farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. In tana da faɗi, ko a ɗaki mai duhu hoto zai fita tas ba sai an dalle wa mutum fitila a ido ba, kuma abin da ka saita a kansa shi kaɗai ke fitowa sarai, sauran duk su narke su zama dishi-dishi. Na yi watanni ina auna abin nan. In rabu da babbar in koma ƙaramar? Ƙaramar ba nauyi, ba ƙara, ba ta firgita mutane, amma idonta ɗaya ne ba a canza shi, ba ta janyo abu daga nesa, batirinta kuma ba ya jimawa. Har matata ta ce da a kan karatun yaranmu nake wannan nazarin da tuni mun huta. Ana gab da babbar sallah abokin aikina Malam Bitrus ya ara mini tasa ƙaramar, ya ce in je in gwada in daina cika musu kunne.

Mahaifiyarmu, Inna, ba ta yarda a ɗauke ta hoto. Ba haramun take cewa ba, cewa take fuskarta ba kayan talla ba ce. Ko a bikin 'ya'yanta da ta hango mai hoto sai ta ja mayafi ta shige madafa. Hotonta ɗaya ne a duniya, na katin zaɓe, shi ma ya koɗe, ita da kanta ta ce ba ta san matar ba.

Washegarin sallah da rana na shiga ɗakinta da kyamarorin biyu. Ɗaki ne mai ƙaramar taga ɗaya, kullum da duhu-duhu, a can ƙurya kuma akwai jeren kwanukanta na aure, da wata kwalla mai jan fure a sama. Ina ganin furen nan na ce ga wurin gwaji. Zan saita kowace kyamara a kansa in ga wadda za ta fi fito da shi. Amma ina bukatar wani abu a kusa da ni, don in ga yadda zai narke. Wani abu fa na ce, jama'a. Sai na ce, "Inna, ɗan zauna nan bakin gado."

Ta dubi ƙaramar ta ce, "Wannan ɗan abin ma hoto yake yi?"

Na ce yana yi.

Sai ta ce, "To ba ni wuri."

Da ta ce in dawo, na tarar ta sauya zane, ta ɗaura shuɗiyar atamfarta ta sallah, ta sa kwalli, ta zauna ta ɗora hannuwa a gwiwa. Ƙanwata Hadiza, wadda ke ce mini Hamma, wato yaya, ta shigo da sauri tana zaro waya, tana cewa, "Hamma, yau Inna ta yarda?" Ni kuwa na ce, "Mayar da tarkacen nan. Waya ce za ta ɗauki hoto a wannan duhun? Ki bar wa masu abin." Ta mayar da ita jaka tana dariya. Na ɗauka da wannan, na ɗauka da waccan, na sake, na kuma sakewa, idona yana kan furen kwalla. A raina ina cewa in na gama gwajin zan juyo kanta. Ban gama ba ta ce bayanta ya gaji, ta miƙe. Ta ce, "Na fita?" Na ce, "Kin fita, Inna, kin yi kyau." Na ɗauka tunda ta yarda yau za ta yarda gobe, in na sayi tawa in zo in yi mata na gaske.

Damina ba ta yi nisa ba zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin in baro Azare Allah ya karɓi abarsa. A zaman makoki ina jin mata suna cewa, "Allah dai ya sa babban ɗanta ya ɗauke ta hoto da sallah." Da na koma gida na buɗe hotunan ina addu'ar ko guda ɗaya hannuna ya kuskure ya faɗa kanta. Babu. Ban taɓa kuskure ba ranar. Furen ya fita har inda fentinsa ya ɓare, har ƙurar da ke kan murfin ana gani. Inna kuwa tana gefe, wani shuɗin hazo ne kawai, sai ɗan fari-fari a daidai bakinta, wanda ya nuna mini ashe murmushi take yi. Matar da ta ƙi hoto duk rayuwarta ta yi wa ɗanta murmushi, ɗan yana kallon kwano. Na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Da wayar Hadiza ce, da komai ya fita, ko da ba kyau.

Tun daga nan ƙarya nake yi. Na ce na aika Kano a wanke, na ce injinsu ya lalace, na ce mai kawowa ya yi tafiya. Na kai wa wani mai gyaran hoto da kwamfuta, ya haɗa da na katin zaɓen, ya fito mini da wata dattijuwa kyakkyawa mai shuɗiyar atamfa. Ba wushiryar Inna, ba tabon da ke girarta, ba irin kallon nan nata na gefen ido. Ya ce in an sa a gilashi ba mai ganewa. Mahaifinmu, Baffa, idonsa ya yi rauni, wataƙila shi ba zai gane ba. To in miƙa wa tsohon nan wata baƙuwa in ce matarsa ce? Ba ya ma matsa mini. In na je gaishe shi sai dai ya ce, "Malam, abin nan bai iso ba?" Ko sunanta ba ya iya kamawa.

Yanzu Hadiza ta haihu, mace, kuma sunan Inna za a sa mata. Ta kira ni ta ce so take a rataye hoton a ɗakin ranar suna, 'yan barka su ga mai sunan. Har ta ƙara da cewa, "Da na ji haushin hana ni da ka yi, Hamma, amma yanzu na gode Allah, na san naka ya fi kyau." Sai na ce mata layi ba kyau.

Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma ina kewar uwata. In na faɗi gaskiya, na kashe musu ita karo na biyu, Hadiza kuma za ta tuna wanda ya sa ta mai da waya jaka. In na ce hotunan sun goge, na ƙara ƙarya a kan ƙarya. In na kai na kwamfuta, yarinyar nan za ta girma tana nuna wata mata tana cewa kakarta ce. Malam Bitrus har yau yana tambayata wacce na zaɓa a cikin kyamarorin. Kwallar kuwa tana nan a ƙuryar ɗakin, ko yau na je zan same ta.

Suna ya matso, jama'a. Me zan yi?