Layi a Wuyan Masu Ɗab'i

Darrasa, Alƙahira
Maris, 2013

Zuwa ga matata Khairat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Nana Fatima. Yaya ƙafar Inna? Ni kam lafiya, sai gajiya.

Littafin ya fito. Kada ki yi guɗa tukuna.

Kin san dominsa na ƙi dawowa bayan na gama karatu. Tarihin Turawan nan masu ɗab'i na shekaru ɗari biyar baya, waɗanda suka ciro littattafan magabata daga akwatunan sarakuna da malaman coci, har ɗan tela ya karanta, ya fara tambayar abin da a da ba a tambaya. Na so mutanenmu su ji labarinsu da Hausa, su ga fuskokinsu. Babu shagon tsofaffin littattafai da ban shaƙi ƙurarsa ba kafin in haɗa hotunan.

Ranar kai aikin maɗaba'a zazzaɓi ya kwantar da ni, sai na aiki Ja'afar, abokin ɗakina. Bawan Allah ya ɗauki biro ya ja layi a wuyan kowane hoto, yadda malaminsa ya koya masa a yi wa hoton mai rai don a kauce wa zunubi. Haka aka buga duka. Mai maɗaba'a ma'alish kawai ya ce min, wato sai haƙuri, ba zai sake bugawa ba, wai takarda ta yi tsada tun juyin juya hali.

Ba zan zalunci Ja'afar ba. Shi ya yi jinyata, kuma har yau gani yake daga wuta ya tsamo ni. Bai ba ni haƙuri ba, godiya yake jira. Kwano ɗaya muke ci, ba ma magana.

Ba zan kai gida littafin da ke yabon mutum a wannan shafi, ya yanka shi a wancan ba. Na sayi reza in cire hotunan, sai na ga bayan kowanne akwai rubutu. In fuska ta fita, rabin labarin ya bi ta. Khalas, shi ke nan. Mai soya ta'amiya, ƙosan Masar, na ƙofar gidanmu ya ce zai karɓi kwalayen littafin, takardar tana shan mai sosai.

Ina tafe kafin azumi, in Allah ya yarda. Idan Inna ta tambayi abin da ya riƙe ni shekarun nan, ki ce karatu ne.

Ki gaishe min da kowa. Ki yafe min jiran da na sa ki.

Mijinki,
Ukasha